Zangon da Ousmane Bai Kai Ba

Ousmane mutumin Tasawa ne ta ƙasar Nijar. Shekara ashirin da wani abu ke nan yana tuƙin haya a nan Gaithersburg ta Amurka, yana kai mutane filin jirgi yana ɗauko su. Ƙofarsa na kallon tamu a bene na biyu, inda nake zaune wurin 'yata, shi ya sa na san shi. Dogo ne, ba jiki, kuma ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba, ko Bature ne mai jan kare.

Ubansa bafatake ne. Da jakai yake kai kanwa Kano a ƙafa, kuma Ousmane ya bi shi sau biyu kafin manyan motoci su kashe sana'ar. Har yau yana iya lissafa maka zangunan da suka kwana: Katsina, Kusada, Bici. Yakan ce shi da aka haifa a kan ƙafa, ga shi zai mutu a kan kujera.

Wata rana ya ɗauki wani tsoho ɗan Japan zuwa filin jirgin Dulles. Cunkoso ya riƙe su, hira ta kai su ga iyaye. Tsohon ya buɗe waya ya nuna masa wata tsohuwar hanya a ƙasarsu, wadda matafiyan zamanin da suke bi a ƙafa daga zango zuwa zango. Gidajen katako suna nan, shimfiɗar duwatsu tana nan, har da injin ruwa mai juyawa da rumfar da ake ba matafiyi shayi. Ya rubuta masa sunan garuruwa biyu a takarda, Magome da Tsumago, ya ce tsakaninsu tafiyar hantsi zuwa azahar ce.

Ousmane ya dawo gida kamar wanda aka yi wa albishir.

"Ɗan Azumi," ya ce mini, "ashe akwai mutanen da ba su bar zangonsu ya zama gidan mai ba. Wallahi sai na taka hanyar nan kafin gwiwata ta gama da ni."

Shi kaɗai ba zai iya ba. Turancinsa na cikin mota ne, dama da hagu da sannu da zuwa. Cike takarda a kwamfuta kuwa, ko kusa. A nan ne Injiniya Sabo ya shigo.

Sabo Bakano ne, yana da gida a Mitchellville, kuma Ousmane ya girme shi da shekara goma sha biyar. A masallaci suka saba. A lokacin likita ya ce wa Sabo ko ya tashi ya yi tafiya ko ciwon suga ya kwantar da shi. Ya sayi injin gudu ya ajiye a ƙasan gida, matarsa Lami ta mai da shi wurin shanya. Ousmane ne ya ce masa:

"Injiniya, ƙafa ba ta tafiya ita kaɗai, sai da hira. Ka zo ranar Lahadi."

Suka fara bin hanyar nan ta gefen kogin Potomac, wadda alfadarai suke jan jiragen ruwa a kanta a da. Ni nakan bi su da filas na shayi, in zauna a benci in jira. Lahadin farko Sabo bai yi nisan kiran sallah ba ya dafe bishiya yana haki.

"Yaya Ousmane, ka kira mini motar asibiti."

"Kai Bakano, tumbin nan kuɗin wa ka ci da shi? Tashi. Ba a barin mutum a hanya."

Wannan ita ce dokar da ya gada. A ayarin ubansa, wanda ya fi kowa rauni shi ake sawa a gaba, kowa ya bi takunsa. Shekara guda cur Ousmane yana bayan Sabo, yana rage dogayen ƙafafunsa, yana ba shi labarin Japan don ya manta da gajiya. Sabo ya sa masa suna Madugu. A gabana, a kan bencin nan, ya ce:

"Madugu, ni zan kai ka. Takardu, biza, masauki, duk ka bar mini. Kai dai ka kawo ƙafarka."

Ousmane ya kai masa fasfonsa har gida, a cikin leda.

A shekara ta biyu abubuwa suka juya. Tumbin Sabo ya sauka, ya sayi agogo mai ƙirga taku, ya fara zuwa da abokan aikinsa biyu, Raymond da Linda, masu sanduna bibbiyu kamar za su yi daɓe. Ita kuma gwiwar Ousmane ta hagu ta fara ciwo. Ga shi bai bar halinsa ba. Ya tsaya ya gaida mai kamun kifi, ya tambaye shi iyali. Ya tsaya ya duba sawun barewa. Su ukun su yi gaba, su dawo su tarar da shi yana tafe.

"Madugu, ka ɓata mana lokaci," Sabo ya ce yana dariya, yana duba agogo. "Minti arba'in da biyu mil ɗaya!"

"Wa yake biyo mu?" in ji Ousmane.

Na lura ba wanda ya ce masa ya shiga gaba. Shi ma bai nema ba. Ya ɗauka abin da ya yi wa mutum shekara guda ba sai an tuna masa ba.

Duk sanda ya tambayi takardu, amsar ɗaya ce. Ana kai, Madugu. Ofishin jakadancin ne ba su amsa ba. Ka san fasfon ƙasashenmu. Ousmane ya yarda, don shi a saninsa ƙarami ba ya kallon idon babba ya shirya masa zance. Ya sayi takalmi, ya sa shi yana tuƙi don ya saba da ƙafa. Matarsa Ramatou ta daka masa dakuwa ta guzuri har sau biyu, jikoki suka cinye.

Da ganye ya fara ja a watan Oktoba, Sabo ya bugo ya ce aiki zai kai shi wata jiha mako biyu, kada a jira shi ranar Lahadi. Ousmane ya yi masa addu'ar sauka lafiya.

Ranar Talata da la'asar muna zaune a ɗakinsu, Ramatou tana duba waya. Sai ta miƙa mini, ba ta miƙa wa mijinta ba. Lami ce ta sa hoto a intanet. Ga Sabo a kan shimfiɗar duwatsu, gidajen katako a bayansa, Raymond da Linda a gefe, ya ɗaga hannu yana dariya. Ousmane ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa don bai sa tabarau ba. Ya daɗe yana kallo.

"Ai kuwa nan ne," ya ce. "Ga injin ruwan nan da tsohon ya nuna mini."

Ramatou ta fara faɗa, rabi da Hausa rabi da Faransanci. Ya ce mata ta bari, baƙo yana nan. Ya tashi ya yi alwala, alhali yana da ita.

Sabo ya dawo ya yi kwana goma bai zo ba. Daga baya ya kira ni, ya ce in taimaka in zauna a wurin, don ba zai iya shiga shi kaɗai ba. Ya zo da tsaraba a kwali mai kyau, da ledar nan. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi gajiya. Ramatou ta ajiye ruwa ta koma ciki.

Ousmane ya buɗe fasfon, ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ba komai a ciki.

"Sun hana ke nan?"

Sabo ya sunkuyar da kai. "Ban kai ba, Yaya."

"To."

"Wallahi don kai na yi. Hanyar akwai hawa. Su Raymond sun tsara kwana biyar, kullum mil goma, ga jirgin ƙasa da lokaci. Na ga gwiwarka. Na rasa yadda zan buɗe baki in ce maka ba za ka iya ba. Kunyarka nake ji."

"Kunya," in ji Ousmane. "Wata tara kana jin kunyata."

Ina jin injin wanki na maƙwabta yana juyawa. Can Ousmane ya ce:

"Injiniya, abu ɗaya zan tambaye ka, kuma ka gaya mini gaskiya tunda yau ita ka kawo. A hanyar nan, ka ga tsofaffi?"

Da Sabo ya ce a'a, da babu mai ƙaryata shi a ɗakin.

"Na gani."

"Kamar ni?"

"Har waɗanda suka girme ka. Akwai wata tsohuwa da 'yarta ke riƙe da hannunta. Muka wuce su da safe, da yamma muka gan su sun iso."

"Sun iso," Ousmane ya maimaita, yana gyaɗa kai.

Sabo ya ce baɗi za su je su biyu kawai, shi zai yi komai, gobe-goben nan zai kai takardun. Ya miƙo hannu wajen fasfon. Ousmane ya ɗauke shi ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya ɗora tafinsa a kai.

"Allah ya kai mu," ya ce. "Ka gaida Lami da yara."

Sabo ya miƙe. Ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara takalmin da ya riga ya sa, yana jira a taka masa ko zuwa kan matakala. Ousmane yana zaune, ƙafafunsa a miƙe, bai motsa ba. Ni na raka baƙon har mota. Da na hawo na tarar Ousmane ya kira Ramatou, yana tambayarta ko 'yarsu Hairat da ke jami'a ta iya cike takardar biza.