Baiwar Inna

Ɗiyata ta fari ta kai aji uku ba ta iya haɗa baƙi biyu ba. Maganar ma sai an yi da gaske. In baƙo ya gaishe ta sai ta sunkuyar da kai tana cizon bakin hijabi. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙuri ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na koma faɗa, duk a banza. Sai da aka kawo wata malama Bayarbiya makarantarsu, nan Sabon Birni. Bautar ƙasa ta kawo ta, da ta gama aka roƙe ta ta ƙara shekara. Ban san abin da ta yi wa yarinyar nan ba, har yau ina son in sani. Na dai ji wata safiya ana karanta rubutun jikin buhun shinkafa a bakin madafa, na leƙo, ashe tawa ce.

Da zangon ƙarshe ya zo ƙarewa na ce ba za a tashi hutu ban gode wa mutanen makarantar nan ba. Na hedimasta bai ba ni wahala ba, zabi biyu masu ƙiba da aka kawo mana daga Turba. Malamin Arabiyya turare, cikin wanda maigidana ke saro wa daga Maraɗi. Maigadi na daɗe da lura ba ya rabuwa da butar shayi, sai na ƙulla masa ganye da sukari. Matar da ke share azuzuwa na ɗinka mata riga da zane, tunda ɗinki ne sana'ata. Yini guda na gama da waɗannan. Na Malama ne ya kwana uku yana cina. Me ake ba wadda ta buɗe wa ɗiyarki baki? Ga shi an ce ba ta yanke shawara ba, ko ta dawo bayan hutu ko ta koma garinsu. In ta tafi na san inda yarinyar nan za ta koma. Kenan kyautar godiya ce, kuma roƙo ce.

A ƙarshe na tsaya kan wani leshi mai ruwan zuma. Ina cikin naɗe shi Inna ta shigo. Mahaifiyata ce, gidanta na bayan namu. Bagobira ce ta gaske, haifaffiyar wani ƙauye kusa da Alkalawa, tsagenta tun daga gefen baki har kunne.

"Wanga na wa na?" in ji ta.

"Na malamar jikarki, Inna."

"Bayarbiyag ga? Shi kaɗai za ki kai mata, awa wata baƙuwa?"

Ta fita, ta dawo da ƙwarya shaƙe da jan barkono. Ta kira jikarta ta zaunar, ta biya mata saƙo sau uku har ya zauna: "Ki ce mata, kakata ta ce a gai da baiwarta. Ga abincinku nan, ki ci ki ƙoshi, ki zo ki share mata tsakar gida."

Wallahi na yi dariya har da hawaye. Mu Gobirawa da Yarbawa abokan wasa ne, haka muka tashi muka tarar. Bagobiri ya ce wa Bayarbe bawana, Bayarbe ya ce kai ne dai bawan, a yi ta yi har a rabu ana dariya. Kuma ba a yi wa wanda ba a ɗauka ɗan gida ba. A lissafinmu barkonon Inna ya fi leshina daraja nesa ba kusa ba. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa akwai Bayarben da bai san wannan ba a duniya.

Ranar rabon sakamako yarinya ta dawo da ƙwaryar a ka, leshin a hammata, idanu sun kumbura. Kai! Raina ya ɓaci. A mayar mini da kyauta? Na zari hijabi na nufi makaranta, ina tafe ina shirya maganganun da za ni faɗa.

Mai shara ce ta tare ni a bakin ƙofa ta ba ni labari. Ashe ɗiyata ta tsaya tsakiyar ofishin malamai ta sauke saƙon kakarta tsaf, da murya sama, ba gargada. Malama kuwa Hausarta ta aji ce da kasuwa. Baiwar da ta sani ita ce wadda ake cewa Allah ya yi wa yaro baiwa. Sai ta ɗauka tsohuwa ta ce ita kyauta ce daga Allah. Ta dafe ƙirji, ta ce ta gode, har ƙwalla ta taru mata. Nan wani matashin malami ya tuntsire da dariya, ya fassara mata da Turanci. Ofis ya ɗauka. Su dariyar wasan da suka sani suke yi, ita kuwa ba haka ta ji ba.

Na same ta a aji tana jera littattafanta a kwali. Duk maganganun da na shiryo suka gudu.

"Maman yarinya," ta ce, "me na yi muku? Na bar uwata da ubana na zo nan shekara biyu. Ashe haka kuke kallona?"

Na shiga bayani. Ina yi ina jin yana ƙara lalacewa a bakina. Ta ce, "Wasa? Daga ina ya samo? Wa ya fara?" Ni da na girma cikinsa ban sani ba. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Malama, kar ki yarda da tawa. In kin je gida ki tambayi wanda ya fi kowa tsufa a danginku." Ta ci gaba da jera littattafai.

Tambayar tata ta hana ni sakat duk hutun nan. Inna ta ce, "Haka munka taras." Wani dattijo a unguwarmu ya ce yaƙi aka yi can da, muka ci su. Wata gwaggona a Isa ta ce a'a, ɗiyar Gobir aka aurar musu, su 'ya'yan mace ne. Na aika a tambayi wani Bayarbe mai gyaran keken ɗinki a kasuwa, ya ce a gaya mini su suka yi mana tsage don kada bayinsu su ɓace. Kowa labarinsa a nasa gefen yake ƙarewa. Inna kuwa ta daina dariyar abin. Wata rana tana tsince gero ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ni na kore ta ko?" Na ji tausayinta ƙwarai. Yarinya kuma ta koma cizon hijabi.

Ranar komawa ni da kaina na riƙo hannunta. Yara suka yi layi, aka yi addu'a, ba Malama. Har na juya sai ga kabu-kabu ya tsaya. Ta sauko da jakarta, ta hango ni, ta ɗaga murya gaban iyaye da hedimasta da kowa:

"Ke ɗiyar baiwata! Ina tsohuwar? Kakata ta ce in tambaye ta, wa ya ba ta izinin zama ba ta zo gai da iyayen gidanta ba?"

Subhanallahi, sai na ji jinina ya hau. Uwata? A bainar jama'a? Ƙiftawar ido ne kawai, amma na ji zafinsa har tsakar kaina. Ni kenan, da aka yi mini wasan nan tun ina goye. To ina ga ita, ita kaɗai a ofis cikin masu dariya?

Kowace Bagobira tana da amsa goma a aljihu don irin wannan. Ni abin da ya fito mini shi ne, "Malama, ki yi haƙuri."

"A'a," ta ce. "Kakata ta ce in kin ba da haƙuri kin ɓata. Rama za ki yi."

Na buɗe baki in rama, kuka ya riga ni. Ɗiyata ta zare hannunta daga nawa, ta karɓi jakar Malama, suka shige aji.