Kafaɗar Ragon Layya

A unguwar Birni babu wanda ya kai ni sanin asalin gidaje, wannan kowa ya shaida. Ban shiga lakwal na yi boko ba, amma in na fara jero wanda ya haifi wane, har malamai sukan ajiye tasbaha su saurara. Daga bakin kakata na ɗauka.

Ga yadda ta ba ni labarin gidanmu. Kakanninmu Barebari ne fatake. Suka taso daga gabas tun ba a yi ganuwa ba, jakunansu suka mutu a hanya, suka iso gindin duwatsun nan da ƙishirwa. Maharba suka tarar zaune a wurin. Su suka ba su ruwa, suka nuna musu inda za su kafa bukka. Shi ya sa kowace layya, washegarin gashi in an sauke raguna daga wuta, kafaɗar dama ta ragon gidanmu gidan maharba ake kai ta, kafin kowa ya sa nama a baki.

A wannan gida na maharba ƙawata take. Tare muka tashi, tare muka tsufa. In ta hango ni sai ta ce, "Babarbariya, har yau ba ki koma garinku ba?" Ni kuwa in ce, "'Yar maharba, ana jin ƙaurin zomo tun daga zaure!"

Wata rana wani saurayi daga gidan rediyo ya zo ɗaukar tarihin unguwanni. Surukaina na unguwar Zango suna zaune a tsakar gida, mutanen da ko gaisuwa sai sun haɗa da asalinsu. Ya ce, "Iya, kafaɗar nan da kuke kai wa maƙwabta, mene ne tushenta?"

Na dubi surukan nan. Na ce kakanmu ne ya riga kowa zama, ya tsinci maharba suna yawo a daji ya ba su inuwa, naman kuwa ciyar da barori ne. Wallahi ko harshena bai sarƙe ba. Na ƙara gishiri har yaron yana gyaɗa kai.

Sau uku aka sa maganar a rediyo. Yara suka fara kiran jikokin ƙawata barorin Barebari. Da layya ta zagayo na aika 'yata da kafaɗa, sai ga ta ta dawo da kwanon a rufe. Wai an ce, "Gaya wa uwarki, godiya muka saba ci. Sadaka kuwa a kai wa mabukata."

Na yafa mayafi na tafi da kaina. Na sami ƙawata tana tsince wake. Na ce, "Haba 'yar maharba, a kan zancen rediyo?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Hajiya, sannu da zuwa." Tun muna 'yan mata ba ta taɓa kirana da girmamawa ba sai ranar.

Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ba a ɗakina kika zubar ba. Inda kika zubar, can za ki je ki kwashe."

Gaskiya ta faɗa. Amma in koma rediyo in ce na yi ƙarya, ni da ake zuwa tun daga Takieta a tambaye ni asali? Na ce sai bayan damina. Damina ta wuce na ce sai ƙafata ta yi sauƙi. Shekara biyu ina haka. Ranar da na daure na je, aka ce saurayin ya koma Yamai, shirin ma an daina shi.

Yanzu ƙawata tana garin Mirriya wajen 'yarta, tsufa ya kwashe mata tunani. Na shiga mota na je, na zauna kusa da kunnenta na ce, "Ku kuka riga mu. Ku kuka ba mu ruwa." Ta yi mini murmushi irin na baƙi, ta juya ta ce wa 'yarta, "Wannan baiwar Allah daga ina? A kawo mata tabarma."