Da Mari Muka Kai Yaya Magani

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu da ke gefen Funtua, mu uku da jaki ɗaya: ni, da Innarmu, da yayana wanda shi ne dalilin tafiyar. Tun shekarar da mahara suka faɗa masa a gona suka tafi da ɗansa, hankalinsa bai sake dawowa daidai ba. Yakan zauna yana hira da mutanen da ba mu gani, in ya miƙe kuma sai ya kama hanya ba waiwaye. An yi rubutu, an yi turare, 'yan bori ma sun ci rabonsu na awaki. Ranar da aka janyo shi daga bakin rijiya muka sa maƙeri ya ƙera masa mari, ƙarfen ɗaure ƙafa. Ba mugunta ta sa mu ba, so muke mu ma mu riƙa runtsawa.

Wani falke ne ya kawo mana labari cewa a wani gari cikin ƙasar Malumfashi, sarkin garin ya hana a riƙa jefa masu taɓin hankali kurkuku tare da ɓarayi. Wai ya ware musu gida, ya zaunar da malami da mai magani, ana ciyar da su daga hatsin zakka. Ni dai ban gaskata ba, don falke in ya faɗa maka goma, ɗauki uku ka yi godiya. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, ga gonata ko shara ban gama ba. Amma Inna ta ce a tafi, kuma ban taɓa jin ta sa baki a maganar Yaya ba sai ran nan. Ɗan farinta ne, kun san yadda abin yake: ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, in za ta ba shi tuwo sai ta miƙo mini ta ce, "Kai wa wancan."

Mai mari ba ya doguwar tafiya, saboda haka shi ya hau jakin, ƙafafu gefe guda, tsohuwa na bin ƙasa da ƙwarya a ka. Duk wanda muka gamu da shi sai ya dube ni kamar ni na tsara hakan don rashin tarbiyya. Hanyar kuwa ta bushe ƙayau, gonakin auduga duk sun zama kara, rana tun hantsi ta fara gasa mana ƙeya. In ba don inuwar ɗorawa da ake samu nan da can ba, da ban san yadda za mu yi ba.

A Bakori muka tarar da kasuwa na ci. Furar da na saya mana, ruwa ya fi gero yawa, kuɗin wurin da aka karɓa kuwa a ƙauyenmu da shi za a ci tuwo har da nama. Ina cikin jin haushin wannan sai wani mai babbar riga ya tsaya, ya mammatsa damtsen Yaya, ya juyo ya ce da ni, "Nawa ka sa masa?"

Sai a lokacin na gane wautar da muka yi. A gida kowa ya san abin da ya sa ƙarfen nan ke ƙafarsa. A kan hanya kuwa, mutum mai ƙarfe a ƙafa bawa ne ake kai shi kasuwa, ba wata fassara. Na ce masa yayana ne, ba shi da lafiya. Ya yi dariya ya ce duk haka masu son tsada ke faɗa, ya taya, ya ƙara da cewa ya cika rama. Allah ya yafe mini, sai da na ji zafin ƙarancin tayin kafin na tuna ba sayarwa na zo yi ba.

Haka muka yi ta fama da masu taya har zangon da muka kwana, da gari ya waye aka ɗora daga inda aka tsaya. Na gaji da bayani, na koma cewa "An riga an saya," don ya fi saurin korar mutum. A Ƙarfi ne kawai muka huta. Wata mai dambu ta dubi Yaya, ta dubi Inna, ba ta tambayi kome ba, ta cika mana akushi ta ƙi karɓar ko wuri. Dambun ya ji rama da ƙuli, har yau ina tuna shi.

Garin da muka nufa yana da ganuwa, ba zan kama sunansa ba. A ƙofa sarkin ƙofa ya tare mu ya ce sai mun biya kuɗin da ake karɓa a kan kowane bawa. Na sake karanto masa karatun da na yi ta yi a hanya. Ya matsa kusa da jaki ya ce, "Kai, waɗannan danginka ne?"

Yaya ya dube mu kamar yau ya fara ganinmu, ya ce, "Ban san su ba. Su suka ɗaure ni."

Shi ke nan, magana ta juya. Daga mai gudun biyan kuɗin ƙofa na koma wanda ya sato ɗa, ba bawa ba, zai sayar, wannan kuwa laifi ne da ba a wasa da shi. Aka tasa mu gaba sai zauren alƙali, ni kuwa na ga ana iya tsare ni, a raba mu da Yaya a garin da ba mu san kowa ba.

Alƙalin dattijo ne, bai yi gaggawa ba. Ya saurare ni, ya dubi zanen fuskata da na Yaya, ya ce iri ɗaya ne, amma rabin ƙasar nan ma irinsa gare su. Sai ya juya wajen Inna ya ce, "Baiwar Allah, ɗanki ne? Mene ne sunansa?"

Inna ta sunkuyar da kai ta yi shiru. Sarkin ƙofa ya ce, "To, ka gani, Allah gafarta Malam. Wace uwa ce ba ta san sunan ɗanta ba?"

Alƙali ya ce, "Wadda ta haifi ɗan fari." Ya sassauta murya. "Na san kunya ce, Inna. Amma shiru ba ya zama shaida a nan. Kira shi."

Ta daɗe tana murza bakin zanenta. Sannan ta ɗaga kai, ta dube shi sosai, ta kira sunan. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sa daga bakinta ba. Yaya, wanda ya yi watanni ba ya amsa kiran kowa, ya ɗago ya ce, "Na'am, Inna." Ban san sa'ad da hawaye suka zubo mini ba. Alƙali ya sa aka kira maƙeri ya cire marin nan take, ya ce umarnin sarki ne, irin wannan mara lafiya ba ya shiga gari da ƙarfe.

Gidan dai akwai shi, falke bai yi ƙarya ba, sai dai ya ƙara gishiri. Ɗakuna kaɗan ne, duk sun cika, mu rumfar zana muka samu a gindin katanga. Malami na yin addu'a safe da yamma, mai magani na dafa saiwoyinsa, waɗanda suka fara samun sauƙi ana ba su kaɗi ko saƙar tabarma don hannu ya samu abin yi. Ba duka, ba zagi. Hatsin zakka kuwa, mai rabon ya faɗa mini a gefe cewa rumbun ya yi ƙasa, sai an roƙi Allah ya kai su kaka. Kuma ƙa'ida ce, tun da ba a ɗaure kowa, dole wani nasa ya zauna yana tsaronsa. Ina shirin cewa to noman bana ya tafi, sai Inna ta sauke ƙwaryarta ta shimfiɗa tabarma. Ta ce, "Koma ka yi shuka. Ni zan zauna da ɗana."

Komowa ba ta da labari. Na hau jakin, mari na cikin mangala yana ƙara, ba wanda ya taya ni. Ruwan farko ya same ni kafin Bakori, na iso gida a jiƙe, ƙafafu a kumbure.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, sarki ya yi abin kirki, Allah ya saka masa. Amma tausayinsa na zaune cikin ganuwa, ciwon kuwa yana ƙauye, kuma ba kowa ke da jaki da uwa mai iya barin ɗakinta ba.

Ban gama hutawa ba maƙwabcina ya yi sallama. Ɗansa ya fara irin ta Yaya, ya zo in ara masa marin. Na zaunar da shi na faɗa masa hanya, da gidan, da umarnin sarki, har da mai dambun Ƙarfi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Na ji. Amma damina ta sauka, uwarsa ta rasu, ni kaɗai ne. In na zauna can, wa zai noma wa ƙannensa?"

Na shiga na ɗauko masa marin. Yanzu kullum in na saɓa fartanya zan fita gona, ina jin ƙararsa ta bayan danga.