Kwana Biyu Ina Murnar Shirun Cikina

Ko gigin tsufa ya kama ni, ba na jin zan manta da kwana biyun da na yi ina murna alhali 'yata tana neman mutuwa a cikina.

Lokacin muna haya a unguwar Kpakungu da ke Minna, cikina wata takwas. Kafin shi na yi ɓari har biyu, saboda haka ko tari na yi sai gabana ya faɗi. Ga shi abin da ke cikin ba ya hutawa, shuri yake kamar mai taka keken ɗinki. A gidan akwai wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, muna ce mata Iya. Ko haihuwar akuya ba ta taɓa karɓa ba, amma in ta buɗe baki sai ka rantse ita ta koyar da likitocin Minna.

Wata rana ina tsintar shinkafa ta hango rigata tana motsi. Ta dafe ƙirji. "'Yar nan, kina zaune ɗan nan zai yage miki mabiyiya? Ta nan fa yake cin abinci. In ya ɓalle ta da ƙafa, na uku ke nan kin rasa."

Ta sa na ɗaure cikin tamau da zani, irin ɗaurin da ake wa mai jego, ta kawo wani baƙin jiƙo a gorar lemo, wai na kwantar da ɗa ne. Ni kuma, da takardar sakandarena a akwati, na ɗaga na shanye tas. Har yau in na tuna, haushin kaina ya fi na Iya.

Shurin ya ragu, ya zo ya ɗauke ɗif. Iya ta bi ɗaki-ɗaki tana shelar aikinta ya ci. Har tuwo na aika mata na godiya.

Rana ta uku na je awo. Nas ɗin, wata 'yar kudancin Kaduna, ta tambaye ni ya motsi. Na ce da fara'ata, "Sista, ai mun shawo kansa. Kwana biyu ke nan shiru."

Ta ajiye biro. "Kin ce me? Madam, hau gado!" Ta ga ɗaurin, ta warware shi tana tsaki. "Wa ya ce miki shuri yana yaga mabiyiya? A cikin ruwa yaro yake. Mai shuri lafiyarsa ƙalau, wanda ya yi shiru shi muke tsoro."

Ta ɗora abin sauraron bugun zuciya, ta daɗe tana yawo da shi a kan cikina, ni ko ina ta salati. Da ƙyar aka ji bugun, can ƙasa-ƙasa. Kafin la'asar an yi mini aiki an ciro 'ya mace, sai da likitoci suka sha fama kafin ta yi kuka. Likita ya ce ko jiƙon ne ko wani abu daban, da na ƙara kwana ɗaya da gawa za a miƙa wa mijina.

Ranar suna Iya ta zo da sabon ɗankwali, ta ci shinkafa faranti biyu, tana gaya wa mata wai da ba don ɗaurinta ba da yarinyar ba ta zo da rai ba. Kunya dai ba ta san hanyar ɗakinta ba.

Ni kam na koyi darasina. Duk mai cikin da ta zo tana yi mini ƙorafin shuri, cewa nake ta gode Allah. Ranar da ta ji shiru kuwa, ta ɗauki mayafi ta nufi asibiti, kada ta tsaya gaida kowa a tsakar gida.