Shaidar Yatsu a Hannun Inna

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni ce 'yar fari, kuma a gidanmu na Kwatarkwashi uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, in tana da magana sai ta bi ta bakin wani. Ana yaye ni Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta ɗauke ni zuwa Tudun Wada a Gusau, can na girma. In na je hutu nakan durƙusa daga bakin ƙofa in gaishe ta, ta amsa tana kallon bango, sannan ta ce wa ƙanwarta, wadda muke kira Inna Ƙarama, "A ba 'yar Gusau ruwa." Ban taɓa jin haushi ba. Haka na tarar, ni ma kuma ba mai yawan magana ba ce.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun haɗa magunguna, aka yi wa Inna aikin zuciya. Asalin ciwon tun tana yarinya ne, ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba. Jiki ya tashi yaƙar ƙwayar cutar, ya kasa bambance ta da naman zuciyarsa, ya yi ta cin ɗaya daga cikin ƙofofin da jini ke bi har ta lalace. A wani asibiti mai nisa aka cire ta, aka sa bawul na ƙarfe a madadinta. Aka kuma kafa mata sharaɗi: ƙwayar tsinka jini kullum, har ƙarshen rayuwa. In ƙwayar ta yi kaɗan jini ya daskare a kan ƙarfen. In ta yi yawa jini ya ƙi tsayawa. Saboda Inna na ɗauki aikin bincikena a kan abin da ke samun masu irin wannan bawul bayan an sallame su, na yi ta karanta rahotannin likitocin ƙasashe daban-daban.

Na karanta cewa bawul ɗin yana ƙara. Karatun bai hana tsigar jikina tashi ba ranar da na fara ji. Da damina ne, tsakanin azahar da la'asar, mutanen gida duk suna gona. Ina durƙushe a bakin ƙofarta sai na ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana ƙwanƙwasa tasa da farce. Na ɗaga kai ina neman agogo a bango. Babu agogo a ɗakin. Inna ce kawai zaune a tabarma, bakinta rufe, ƙarar na fitowa daga ƙirjinta. Da ta lura na ji, sai ƙarar ta ƙara sauri.

Matan unguwa da ke zuwa dubiya sun daina zama kusa da ita. Wata tsohuwa makwabciyarmu ta tare ni a zaure, ta rage murya.

"Ke mai karatu, in tambaye ki. Abin ga, in mai shi ya cika, tsayawa yakai, ko ko can ma ƙasa bugawa zai ta yi?"

Na ce tsayawa zai yi, zuciya ce ke motsa shi.

"Kin gani da idonki?"

Ban gani ba. Ta gyaɗa kai ta wuce.

Ba a jima ba Inna Ƙarama ta ja ni bayan rumbu. Mace ce mai dariya da tsokana, amma ranar fuskarta ba walwala. Ta ce wani abu na kama Inna. Ta kai ni ɗakin, ta yi kamar za ta gyara mata mayafi, ta janye shi daga damtsenta don in gani. Shaida huɗu ne a jere, baƙi-baƙi da ɗan ja, ɗaya kuma daga ɗaya gefen. Ko yaro ya gani ya san hannu ne. Akwai wata a wuyan hannu, ta fara dusashewa.

"Mutanen dutse na," in ji Inna Ƙarama bayan mun fito, tana nuna duwatsun da ke bayan gari da haɓa. "Tun da anka buɗe ƙirjinta anka rufe. Ƙarag ga ta hana su sakat. Su na ka zuwa su riƙe ta."

An yi turare, an yi tofi, an mayar da shimfiɗarta ɗaya bangon. Shaidar ba ta daina fitowa ba. Na san sunan wannan abu a littafi, jini ne ke kwanciya a ƙarƙashin fata. Duk da haka in na bi ta bayan gida na ga duwatsun nan sun yi shiru a rana, sai in ƙara sauri.

Abin da na iya shi ne kallo, sai na zauna ina kallo. Lokacin alwala Inna Ƙarama kan kama ta a damtse ta tashe ta, don har lokacin ba ta da ƙarfi. Na riƙe wurin a raina. Washegari shaida ta fito daidai nan. Na kira Inna Ƙarama, na roƙe ta ta ɗora hannunta a kai ba tare da ta matsa ba. Yatsun suka zauna cif. Ta fizge hannunta kamar ta taɓa garwashi.

"Ni ka kama ta? 'Yar uwata, ciki guda?"

Na ce ba laifinta ba ne, jinin Inna ne ya tsinke fiye da kima, ko riƙon ƙauna sai ya bar shaida. Na riga na ga asuwakinta ja, na ga ruwan da ta kurkure baki. Amma ƙwayar tana shan ta yadda aka ce, ni da kaina na duba. Wani abu ne ke ƙara wa ƙwayar ƙarfi.

Ranar kasuwar Tsafe na gano abin. Baba Alhaji, wan mahaifina, shi ke riƙe da gidan tun rasuwar Baba, shi ya yi ta kai da kawo har aka yi aikin. Duk ranar kasuwa yakan biyo da kwalin shayi, daga wani mai mota da lasifika da ke sayar da magungunan Sin. Yakan zauna a kujera daga waje, Inna na bayan labule, a dafa a miƙa mata, ba ya tashi sai an fito da kofin babu komai. Sauran ranaku ita ke sa a dafa, don kada ya zo ya tarar kwalin bai ragu ba. Na buɗe kwalin. Yankakkiyar saiwa ce ja, ruwanta kamar zoɓo mara kauri. A gefe, ƙasan rubutun Sinanci, ga sunan tsiron da ƙananan haruffan boko. Na san shi. Na sha cin karo da shi a karatuna: Sinawa sun daɗe suna ba masu ciwon zuciya, masu bincike na nazarinsa, kuma ana gargaɗin kada a haɗa shi da ƙwayar Inna, don yana ƙara tsinka jini.

Na bi hanyar da na sani. Na ce wa Inna Ƙarama ta faɗa wa Inna.

"In ce mata mi? Alhaji ya kawo mata guba? Ke dai Gusau ta lalata ki."

Na tattara ƙarfin hali na sami Baba Alhaji a zaure, na durƙusa, na yi bayani kaina a ƙasa. Ya saurara, sannan ya yi dariya, ba ta mugunta ba.

"Ɗiyata, mutanen da sunka ƙera babur ɗin da nike hawa da wayar da ke hannunki, su na ba su san magani ba? Ni kaina ina sha. Dube ni, kamar saurayi. Ki dai ƙare karatun tukuna."

Na ce sun sani, Baba, maganin yana aiki, aikin ne ya yi mata yawa. Amma muryata ba ta wuce gwiwata ba, shi kuma ya riga ya miƙe yana neman takalmi.

Na yi tunanin ɓoye kwalin. Da na yi, da Inna Ƙarama za a tuhuma, wani kwalin kuma ya zo ranar kasuwa.

Ran nan Inna Ƙarama ta dafa shayin ta ajiye mata, ta tafi suna a maƙwabta. Gidan ya rage daga ni sai Inna. Ina zaune a inuwar rumbu da littafi sai na ji ƙarar ta canja. Bayan ƙas, ƙas ɗin da na saba, akwai wata a tsakani, mai laushi, ɗis, ɗis. Na leƙa. Inna ta sunkuya a kan tasa, haɓo na ɗiga daga hancinta. Jini ya rufe gindin tasar. Tsumman da ke hannunta ya jiƙe, ga wani a gefe da ta riga ta yar. Ba ta kira kowa ba, don babu wanda za ta kira sai ni. Ina kallo ta miƙa hannu wajen kofin. An gaya mata yana wanke mugun jini.

Ban san lokacin da na shiga ba. Tun da nake ban taɓa zama a tabarmarta ba sai ranar. Na riga ta ɗaukar kofin. Na ce, "Inna, shayin nan ne. Shi ke sa jinin ya ƙi tsayawa. In kika ƙara, zai iya zuba a cikin kanki, inda ba mai gani."

Ta juyar da fuska ga bango. Ƙirjinta na bugawa da sauri har ina jin sa a haƙorana. Ta ce wa bangon, "A gaya wa 'yar Gusau, abin da Alhaji ya kawo ba a zubar da shi."

Na waiwaya, wallahi, kamar zan ga wanda take aike. Labule ne kawai ke motsi.

Na ce, "Ba za a zubar ba." Na kafa kai na shanye. Ɗaci ne da ɗanɗanon ƙasa, ya sauka da ɗumi. Na kife kofin a gabanta yadda ake nuna wa Baba Alhaji. Sannan na matse mata hanci da yatsuna, a hankali, ina sane da cewa gobe za a ga shaidata a wurin. Ba ta ture ni ba. Mun daɗe a haka. Can ta ce, muryarta a toshe, "A nemo mota, tun rana ba ta yi sanyi ba." Hanyarmu ba a bin ta da yamma.

A asibiti a Gusau, inda aka soka allura don ɗibar jini ya yi ta tsattsafowa ta cikin auduga. Likitar, wata mace mai gilashi, ta dubi sakamakon awon, ta dubi kwalin da na miƙa mata, ta ce a ba da gado yanzu. Baba Alhaji ya iso washegari. Ita ta yi masa bayani, a tsaye a baranda. Bai yi musu ba. Ya cire hula ya riƙe, ya zauna a kan siminti da babbar rigarsa, yana cewa, "Kuma ni ka zama in jira ta shanye." Shi ya koma Tsafe ya sami mai lasifikar, ya ce masa duk wanda zai sayar wa, ya fara tambayarsa ko an taɓa yi masa aiki.

A ranar ne muka canja wa Inna riga, ni da Inna Ƙarama. Da muka juya ta sai muka ga wata shaida a bayanta, tsakanin kafaɗu. Tafin hannu ne a buɗe, yatsu biyar, dogaye. Inna Ƙarama ta dube ni, ta ɗaga hannunta kusa da wurin ba tare da na ce ba. Nata bai kai ba. Nawa ma bai kai ba. Babu mai riƙe Inna a nan, kuma ba namijin da ke shiga ɗakinta.

Na kira likitar. Ta duba, ta ce in jini ya tsinke haka yakan kwanta da kansa, ƙullin tabarma ma ya isa, siffar kuwa ido ne ke ba ta. Na yarda da ita, har yau na yarda, haka kuma na rubuta a aikina. Inna Ƙarama ta jira likitar ta fita, ta saukar da rigar a hankali.

"To, mai karatu. Wanga hwa, hannun wa na?"

Na ɗaure igiyar rigar.

Jinin Inna ya daidaita. Gwaggo ta riƙe ta a Tudun Wada, kusa da inda ake awo, ba ta koma Kwatarkwashi ba sai bayan an gama girbin dawa.