Yatsun Suwaiba Mai Ƙunshi

A Kambarawa, in aka ce Suwaiba mai ƙunshi ba sai an yi kwatance ba. Haifaffiyar Ƙofar Sauri ce, aure ya kawo ta unguwar, kuma tun tana budurwa take zana wa amare lalle, baƙi da ja. Zanenta siriri ne, ba ya cakuɗewa, ita ma ta san da haka. Da bakinta take cewa Allah bai ba ta tsawo ba, bai ba ta dogon hanci ba, sai ya tattara kyan duka ya zuba mata a yatsu. Ko gaisuwa take sai ta ɗaga hannu don a ga zobe.

Ana nan sai wani ciwo ya fara mata ta ka. Wani farin ɓawo ya riƙa zubowa daga gashinta, ta ce amosani ne, ta canza man kitso. Sai ya ɓullo a gwiwar hannu, busasshe, yana ɓarewa, ga ƙaiƙayi. Maƙwabciya ta ce ƙyasbi ne, gwaggonta ta rantse makero ne. Suwaiba ba ta saɓa wa kowa ba. Ta shafa man darbejiya, ta yi wanka da sabulun salo, ta sha jiƙo mai ɗacin da sai ta dafa bango take haɗiye shi. Mijinta Malam Abbas, malamin firamare mai sanyin hali, ya ce ɗakin nasu yanzu ko sauro ba ya shiga.

Daga nan ciwon ya gangaro gaɓoɓi. Da safe sai ta tashi yatsu a sage, murfin flas ma ya gagare ta. Farata suka yi ƙananan ramuka kamar an sossoke su da allura. Yatsan zoben nan ya kumbura tun daga tushe har kai, ya koma kamar dafaffen rogo, dole aka kai ta wurin maƙeri ya datse zoben tana kallo.

Sai ta yanke cewa jifa ne. Kuma maganar gaskiya, abin ya ɗan yi mata daɗi. Ta zauna ta jera masu ƙunshin garin nan a ranta, tana auna wace ce hassada ta kai ta har gidan boka.

"Malam, ka ga inda ɗaukaka ta kai ni," ta ce wa mijinta.

"Suwaiba, mu je asibiti."

"Asibiti suna maganin maƙiya ne?"

Abin da ya karya mata gardama ya faru ne a wani biki a Ƙofar Marusa. Ta gama ƙafar amarya ɗaya da ƙyar, tana cije leɓe, ta kama ta biyu, sai hannun rigarta ya zame, ɓawon ya zubo a kan ƙafar yarinyar. Uwar amarya na tsaye a kansu.

"Baiwar Allah, mi ke ga hannunki haka?"

"Ɗan bushewar fata ne, Hajiya."

Hajiyar ta sa aka kawo ruwa da sabulu, aka wanke ƙafar a gaban Suwaiba, har da lallen da bai kama ba. Matan da ke jiran layi suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Yanzu in tana ba da labarin cewa take ita ce ta fara kai amarya ɗakin miji da ƙafa ɗaya, amma ran nan kuka ta yi a cikin keke-napep har gida.

A asibiti an fara ba ta maganin sanyin ƙashi, bai yi ba, aka tura ta wurin wata likitar gaɓoɓi mai suna Fadila. Suwaiba ta miƙa yatsan kawai, sauran ta rufe da mayafi. Likitar ta juya hannun, ta daɗe tana duban faratan.

"Akwai wani abu a fatarki?"

"Babu."

"Ɗan zame ɗankwalinki in gani."

Ta zame, ɓawo ya zubo a kafaɗarta. "To, ban da wannan," in ji Suwaiba.

Bayan gwajin jini da hoton ƙashi, likitar ta zaunar da su ita da Malam Abbas. Ta ce ciwon fatar da na gaɓoɓin abu ɗaya ne, sunansa soriyatik atraitis. Garkuwar jiki ce, wadda aikinta korar cuta, ta rikice ta koma tana yaƙar fatar mai ita da gaɓoɓinta. Ba a ɗauka, ko kwano ɗaya ake ci. Ba ya warkewa ɗungurungum, amma magani na kwantar da shi, ya hana gaɓoɓi lalacewa.

Suwaiba ta dubi likitar. "Likita, wato ba wanda ya yi mani?"

"Ba kowa."

"Duk garin nan?"

Malam Abbas ya sunkuyar da kai yana danne dariya. A hanya ta ce masa ita ba ciwon ya fi ɓata mata rai ba, sai yadda ta yi ta neman maƙiyi a unguwanni alhali tare suke kwana a riga ɗaya. Sunan ciwon kuwa ya gagari bakinta, ta yanke shi ta bar Soriya. In aka tambaye ta jiki sai ta ce, "Soriya ta leƙo jiya, amma ba ta kwana ba."

Maganin ƙwaya ne, sau ɗaya a mako, ga man shafawa, ga komawa gwajin jini a kai a kai. Ranar shan ƙwayar tashin zuciya take wuni da shi, har ƙannen mijinta suka fara yi mata kallon mai juna biyu. Ta ce su kwantar da hankali, wannan laulayin ba suna a bayansa. Sannu a hankali kumburin ya sauka, fatar ta lafa, sai dai yatsa ɗaya ya ɗan karkace, ya zauna a haka.

Ta koma ƙunshi, amma ba kamar da ba. Ba ta karɓar aikin safe. Sai ta jiƙa hannu a ruwan ɗumi, rana ta ɗaga, yatsu sun saki. Amarya ɗaya take yi a wuni, ƙawaye su nemi wata. Kafin ta fara kuma sai ta naɗe hannun riga da kanta ta ce, "Ku gani da kyau, ba a ɗauka, likita ta faɗa. Wadda ba ta yarda ba, ba faɗa." Wasu kan ce za su je su dawo, ba su dawowa. Da yawa kuma sukan miƙo ƙafa.

Gwiwa ce ta ƙi jin magana. In ciwon ya motsa ba ta iya zaman tahiya, sai a kujera. A Islamiyyarsu ta matan aure, kujerun roba na tsofaffi ne, a jere a bayan aji. Ranar da ta fara jawo ɗaya, ita da ba ta kai arba'in ba, ji ta yi kamar ta nutse. Wata tsohuwa da ake kira Inna Abu ta dube ta sama da ƙasa, ta matsa mata wuri.

"Ke kuma ɗiyar nan, gaggawar mi kike?"

"Inna, na ga kun fi mu samun iska ne."

Inna Abu ta yi dariya har da tari, ta ɓalle goro ta miƙa mata rabi. A nan Suwaiba take zama har yau, ko ranar da gwiwar ta yi lafiya, don ta ce hirar bayan aji ta fi daɗi.