Jarkar Jiƙon Yaya

Shekarar da likita a Kazaure ya ce ciwon hanta nau'in B ya daɗe a jikina har hantar ta taurare, ya ba ni ƙwayar da zan riƙa sha kullum, ya hana ni gishiri, ya kuma ce kada jiƙo ko sassaƙe ya shiga bakina, don abin da ya rage na hantar ba zai ɗauka ba.

Bayan kwana kaɗan yayata ta zo dubiya daga Babura da jarka cike da jiƙon saiwar rawaya, ta sauka a gidanmu. Ita ta goye ni. A gidanmu ba a mayar da maganin da babba ya kawo.

"Ciwon shawara ne kawai, Auta," in ji ta. "Likita ya san hanta ya fi tsohon da ya haɗa wannan?"

Na yi godiya, na ce zan riƙa sha bayan sallar asuba. Da ta fita na ɗauko alƙalami da tawada na ja layi a jikin jarkar, daidai inda ruwan ya tsaya.

Bayan kwana uku na duba, ruwa ya sauka ƙasa da layin. Ni kuwa ban taɓa ba. Daga ranar kunun safe ya fara yi mini ɗaci. Na shinshina tuwo, na shinshina ruwan buta. Na riƙa bin hannun mai ɗakina da ido, matar da ban taɓa zarginta da ko allura ba. Allah Ya yafe mini.

Rana ta biyar na ture kwanon kunu na ce, "Me kike zuba mini?"

Ta dube ni ta ce, "Malam, gero da tsamiya. Jiƙon kuwa ludayi ɗaya nake zubarwa a makwarara kullum, don Yaya ta ga yana raguwa. Ko so kake ta ɗura maka?"

Kunya ba ta sake ni ba Yaya ta shigo. Ta girgiza jarkar, ta leƙa idona.

"Ka gani? Ido ya washe! Zan sa a kawo wata. Daga gobe ma ni zan dama maka kunu, in zuba a ciki."

Na sunkuyar da kai na ce, "Yaya, ko kurɓi ɗaya ban sha ba, kuma ba zan sha ba."

Da la'asar ta hau motar Babura da jarkarta. Wata huɗu ba ta amsa gaisuwata ba. Ƙwayar kuwa ban tsallake ko rana ɗaya ba.